Birki na Biyu

Ɗalibar ta runtse ido ta saki sitiyari, motar kuwa ta miƙe ta nufi katangar filin koyon tuƙi kamar an kira ta da suna. Malama ba ta ce uffan ba. Ƙafarta ta dama ce kawai ta sauka a kan birki na biyu, wanda makaranta ta sa aka dasa a gaban kujerar gefe. Motar ta tsaya cik, saura taku uku ta sumbaci bulo.

"Buɗe idonki, 'yar'uwa," in ji Malama. "Katangar nan ba ta yi miki laifin komai ba."

Matar ta buɗe ido ɗaya tukuna, sannan ɗayan. "Malama, don girman Allah me ya hana ki yin ihu? Ni fa har na sallama, na ce yau sai lahira."

"Da na yi ihu, totur za ki taka. Mai koyo in ya firgita, ƙafarsa ba ta tambayar hanya. Ni aikina in kame bakina in taka. Sa giyar baya mu sake."

Shekara goma sha ɗaya ke nan Malama tana koyar da tuƙi, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa jin ta ɗaga wa mai koyo murya ba. Shi ya sa mata suke bin layi a kanta. An kawo mata matsorata, an kawo mata masu rawar kai, har da wata tsohuwa da ke rufe fuska da mayafi duk lokacin da ta hango babbar mota, duk ta yaye su lafiya. Yayanta yakan tsokane ta ya ce bai taɓa ganin wanda ake biya albashi don ya zauna a kujerar mai zaman banza ba sai ita. Takan yi dariya ta bar shi. Ita dai ta san a wannan kujerar take ci, a nan take sha, a nan kuma take riƙe da mahaifinsu.

Baba shi ne direba na asali a gidan. Shekara talatin da shida ya yi yana jan bas ɗin ma'aikatan masaƙa, safe da yamma, kuma ko fentin jikinta bai taɓa karcewa ba. Ba ya gajiya da faɗar wannan magana, har jikoki sun haddace ta suna ƙarasa masa. Shi ya koya wa Malama tuƙi tun tana 'yar sha bakwai, a harabar masaƙa, ranakun hutu, ya ɗora mata matashi biyu a kujera don ta hango gaba. Har yau Auta yake kiranta, ko da a gaban ɗalibanta ne.

Shekara uku da suka wuce ya je sabunta lasisi, aka sa shi ya leƙa cikin na'urar gwajin ido. Ciwon da likita ya kira hawan jinin ido ya daɗe yana cin ganinsa daga gefe-gefe ba tare da ya gaya wa kowa ba, har duniya ta rage masa kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabansa sak yana ganinsa, na dama da na hagu kuwa sai dai ya ji motsinsu. Jami'in ya ɗauki katin lasisin ya huda shi da abin huda takarda, ya miƙo masa. Malama tana tsaye a wurin. Ita ta riƙo hannunsa suka sauko matakala. Tun daga ranar katin mai huda bai bar aljihun gaban rigarsa ba.

Da ta sayi motar kanta, wata 'yar ƙarama mai ruwan toka wadda ta sha hannu, sai Baba ya samu abin yi. Kullum da safe kafin ta fito ya wanke ta, ya goge madubai, ya zagaya yana dukan tayoyi da ƙafa. In ta tayar da injin sai ya kara kunne a jikin murfin gaba, ya ɗaga yatsa ɗaya alamar kowa ya yi shiru. Ta hana shi wankin har ta gaji.

"Ki bar ni," yakan ce. "Ai ba a huda min hannu ba."

Wata ranar hutu da hantsi ya ce ta kai shi ya ga tsohuwar masaƙa. An rufe ta tun bara, ciyawa ta cinye harabar. Titin bayanta dogo ne miƙaƙƙe, babu kowa a kai sai wata babbar mota da aka ajiye a gefe, tayoyinta sun sace. Suna shiga titin Baba ya dafa allon gaban mota.

"Tana ja gefe."

"Ba ta ja, Baba. Makon jiya aka daidaita ta."

"Wanda ya daidaita ta bai san aikinsa ba. Tsaya." Ta tsaya. Ya shafa gwiwarsa. "Ba ni ita, Auta. Daga nan zuwa ƙofar masaƙa kawai. In ji ta a hannuna."

Kada wani ya ce Malama ba ta san doka ba. Darasi na uku ne a makarantarsu, da hannunta take rubuta shi a allo duk wata: wanda ya miƙa makullin motarsa ga marar lasisi, laifin nasu ne su biyu, kuma kamfanin inshora ba zai san da zamansu ba. Tana ma ja masa layi biyu a ƙasa.

"Baba, ka san ba zai yiwu ba."

"Na sani," in ji shi. Ya janye hannunsa daga allon ya haɗa shi da ɗayan a cinya, ya juya fuska wajen taga, inda ta tabbata ba abin da yake gani. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ranar da na ɗora ki a kujerar bas ɗin can, lasisin wa kike da shi?"

Da faɗa ya yi da ta iya da shi. Wannan haɗa hannun ne ya karya mata zuciya, hannuwan da suka yi shekara talatin da shida a kan sitiyari, yanzu an ajiye su kamar kayan da aka gama amfani da su. Ta dubi titin, fayau, ko akuya babu. Ta ce a ranta, mita ɗari uku ne, kuma ina gefensa. Motoci nawa na tsayar daga wannan kujerar? Ta zare bel ɗin kujera ta fita, ta zagayo.

Kai, da ka ga Baba a ranar da ka ce an cire masa shekara ashirin. Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya yi bisimilla, ya saki kuloci a hankali har ba ta ji lokacin da motar ta tashi ba. Kafaɗunsa suka miƙe. Ya sa giya ta biyu, ya sa ta uku, hannunsa na tafiya shi kaɗai.

"Akwai rami a nan gaba, ta dama," ya ce, ya kauce masa tun kafin ta gan shi. "Yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Shekara ashirin ina kai ƙararsa." Ya yi dariya, irin wadda rabon da ta ji ta tun mahaifiyarsu tana da rai. "Kuma kin ji? Tana ja gefe. Na gaya miki."

Ita ma dariyar take yi lokacin da ta hango mutumin. Daga bayan babbar motar nan ya fito, ta gefenta, da ƙullin kaya a kafaɗa, yana ƙoƙarin tsallaka titi. Da sauran tazara, tazara mai yawa ma. Ta tsayar da motoci a ƙasa da haka sau ɗari. Bakinta ya rufe kamar yadda ya saba, ƙafarta ta dama ta tashi ta sauka da ƙarfi.

Babu komai a wurin sai shimfiɗar roba.

Ta sake takawa. Ta sake, har maɗaurin takalminta ya tsinke. Mutumin ya juyo, idonsa ya shiga cikin nata. Sai ƙara, ba mai ƙarfi ba, kamar an yar da buhu daga kan mota. Kafin ƙarar ta gama fita Baba ya riga ya taka birki, motar ta tsaya nan take ko ja ba ta yi ba.

"Innalillahi. Auta, me na taka?"

Ta fita da takalmi ɗaya. Mutumin yana kwance a gefen taya, magidanci ne mai furfura jefi-jefi, da tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ƙullin ya kwance, rigunan makaranta sababbi fil sun watse a kwalta. Yana numfashi, amma ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ta kira motar asibiti, ta faɗi wurin, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Da ta kashe wayar ne ta duba gabas ta duba yamma, ta ga har yanzu babu kowa a titin, sai wani tunani ya faɗo mata. Ta ruga wajen tagar direba.

"Baba, fito. Koma ɗaya kujerar. Ni nake tuƙi, ka ji? Ni ce."

Bai motsa ba. Hannuwansa biyu suna kan sitiyari.

"Baba, don Allah don Annabi. In ni ce, hatsari ne kawai, inshora za ta biya masa magani. In kai ne, za su kama ka, ni kuma su karɓe takarduna. Ba wanda ya gani. Fito!"

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Baba, fito mana!"

Hannunsa ɗaya ya sauka ya lalubi marikin ƙofa. Ta ga yatsunsa sun kama shi. Daidai nan mutumin da ke ƙasa ya yi wani nishi mai tsawo, ya kira sunan Allah. Baba ya saki marikin ya mayar da hannunsa inda yake.

"Ban taɓa sauka daga kujerar nan na bar wa wani abin da na yi ba," ya ce a hankali. "Je ki riƙe masa kai, kada ya motsa."

Ta je ta riƙe. Tana durƙushe a kwalta da kan baƙo a cinyarta, tana jin haushin mahaifinta irin wanda ba ta taɓa ji ba, tana kuma jin kunyar abin da ta roƙe shi. Maigadin masaƙa ya iso da gudu, sai motar asibiti, sai 'yan sanda biyu a kan babur. Babban cikinsu ya leƙa ta taga.

"Wane ne direba?"

"Ni ne direba," in ji Baba. Ya faɗe ta da cikakkiyar murya, kuma Malama ta san shekara uku ke nan bai samu inda zai faɗi wannan kalma ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro katin ya miƙa. Ɗan sandan ya ɗaga shi sama, hasken rana ya ɓullo ta cikin hudar.

A caji ofis aka raba musu laifi kamar ana rabon gado. Na Baba tuƙi babu lasisi da jikkata mutum. Nata kuwa ba da mota ga wanda ta san ba shi da izinin tuƙi, da barin mota ta hau titi ba tare da inshorar da ta rufe mai tuƙa ta ba. Jami'in da ke rubutu ya tambayi sana'arta, ta faɗa. Ya ajiye biro ya kalle ta.

"Koyar da tuƙi? Ke da kanki?"

 Yayanta ne ya zo ya yi belinsu da la'asar, bai yi mata magana ba sai da suka shiga gida Baba ya wuce ɗaki. Sannan ya sauke mata kwandon faɗa a tsakar gida, ya ce tsoho ya yi rigimar tsufa, ita mai hankalin ina nata ya tafi? Ta tsaya tana saurare da takalmi ɗaya a hannu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi zafi.

Kwana biyu bayan haka mai makaranta ya kira ta ofis. Mutumin kirki ne, har ruwa ya zuba mata da kansa. Ya ce hukumar da ke ba malaman tuƙi takarda ta aiko cewa Malama ta dakata da aiki tukuna har kotu ta yanke hukunci. Da za ta fita ta bi ta ajin da ake darasi, ta hango rubutunta a allo, ba a goge ba, da layinsa biyu a ƙasa. Wasiƙar kamfanin inshora ta iso a makon, gajeriya ce, an rubuta ta da ladabi: ba za su biya ba. Lauyan da Yaya ya samo ya karanta ta ya tura gefe.

"Wannan ba abin da za a yi. Amma ke akwai 'yar ƙofa. Doka ta ce wanda ya ba da mota yana sane. In kika ce ba ki san an soke lasisinsa ba fa?"

"Ni na kai shi gwajin. Sa hannuna yana jikin takardar."

Lauya ya cire tabarau ya murza ido. "To, sai mu amsa laifi mu roƙi sassauci."

Asibiti ita kaɗai take zuwa. Baba ya so binta, ta ce matakalar wurin da yawa. Mutumin tela ne, shagonsa na bayan masaƙa, ranar yana sauri ne ya kai ɗinkin wata makaranta kafin a dawo daga hutu. Likitoci sun ceto ƙafar, sun sa ƙarfe, amma sun ce idon sawun ba zai sake lanƙwasawa ba. Da wannan ƙafar yake taka keken ɗinki tun yana saurayi. Matarsa ba ta taɓa amsa gaisuwar Malama ba, takan karɓi ledar magani ta ajiye ta juya baya. Shi kuwa telan yana amsawa, har ya tambayi jikin tsoho. A zuwanta na huɗu, da matar ta fita ɗebo ruwa, ya yi mata alama ta matso.

"Baiwar Allah, akwai abin da ke damuna. Na ga motarku tun daga nesa. Na ga tsohon bai gan ni ba, amma ke kin gan ni. Ido cikin ido muka yi. Shi ya sa ban ja da baya ba, na ce ai za ta gaya masa." Ya gyara kwanciya da ƙyar. "Ban ga bakinki ya motsa ba."

 Ta buɗe baki za ta yi bayanin birki na biyu, da mai koyo da firgita, sai ta ji yadda maganar za ta faɗi a gaban mutumin da ƙarfe ke cikin ƙafarsa. Ta fasa.

"Ba don in tozarta ki ba," ya ce. "Amma in alƙali ya tambaye ni, abin da na gani zan faɗa."

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne Baba bai sani ba. Tun ranar yake cewa mutumin faɗowa ya yi daga bayan babbar mota, ko mai ido huɗu ba zai kauce masa ba. Da wannan maganar yake samun barci, da ita yake iya haɗiye abinci. Duk lokacin da ya faɗa sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Auta?" Ita kuma ta ce, "Haka ne, Baba." Wata biyu tana faɗin haka, kullum kamar tana haɗiyar tsakuwa.

Kotun ƙarama ce, fanka ɗaya ke aiki. Aka tsayar da su biyun wuri ɗaya, Baba da farar rigarsa mai guga, ya miƙe kamar mai jiran a duba masa mota. Aka karanta tuhuma, suka amsa. Alƙalin, wata mace mai yawan rubutu da ƙarancin ɗaga kai, ta ce kafin ta yanke hukunci tana so ta ji yadda abin ya faru. Telan ya shigo da sanduna biyu, aka ba shi kujera, ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Malama ba ta kalli Baba ba, amma ta ji numfashinsa ya canza. Alƙali ta juyo gare ta.

"Kin ga mutumin kafin a buge shi?"

"Na gan shi, ranki ya daɗe."

"Me kika yi?"

"Na taka birki."

Alƙali ta duba takardun gabanta. "Rahoton masu duba mota bai nuna akwai birki a gefen fasinja ba."

"Babu, ranki ya daɗe. A motar makaranta yake."

"Kin yi wa mahaifinki magana? Kin ce ya tsaya?"

Fankar ta yi juyi uku ko huɗu. "A'a."

A karon farko alƙalin ta ajiye biro ta dube ta sosai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta yarda babu mugun nufi, ta ga kuma yadda suka tsaya a kan maganin wanda aka buge. Amma lasisi ba takardar ado ba ce, ta ce, shaida ce cewa an duba mutum an ga ba zai cuci na kan titi ba, kuma a duk ɗakin nan babu wanda ya fi mai koyar da tuƙi sanin haka. Ta yanke wa Baba ɗaurin wata shida, ta jingine shi saboda shekarunsa, ta haramta masa taɓa sitiyari har ƙarshen rayuwarsa. Malama kuwa tara, da dakatar da lasisinta shekara biyu, da umarnin a aika wa hukuma ta soke takardarta ta koyarwa. Diyyar tela a wuyansu su biyu, tunda inshora ta zare hannu.

Shekara goma sha ɗaya, aka naɗe su a cikin minti uku. Malama ta ji hukuncin kamar daga wani ɗaki ake karanta shi. Ita hankalinta na kan hannun Baba da ke dafe da katakon gabansu.

Motar dama an riga an sayar da ita don kuɗin aikin ƙafar. Yaya ya tsaya cike takardu da lauya, ya ce su yi gaba. Suka fito su biyu zuwa inda ake jiran bas, ƙarƙashin wata rumfar kwano da rana ta gasa. Baba ya zauna a benci, ya haɗa hannuwansa a cinya. Motoci suna ta wucewa. Ta jira faɗa, ta ma ƙagu ya zo, bai zo ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Lokacin da kika gan shi, nawa ne tsakaninmu?"

Ta so ta ce ba ta tuna ba. Amma ta gaji da haɗiyar tsakuwa. "Kamar tsawon bas ɗinka biyu."

Ya gyaɗa kai a hankali, leɓɓansa na motsi, ta san lissafin direba yake yi, giya ta uku, busasshiyar kwalta, ƙaramar mota.

"A rabin ɗaya nake tsayawa," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Na ji ƙafarki a ranar. Sau uku. Na ɗauka murna kike yi." Ya sa hannu a aljihun gaba, ya lalubi wurin da katin yake zama, ya tuna yana cikin fayil ɗin kotu, ya sauke hannun. "Ni na roƙe ki. Kada ki ɗauka duka ke kaɗai. Ki bar min nawa."

Nan ne kukan da ta riƙe wata biyu ya ƙwace mata, a gaban mutane, ba ta ko rufe fuska ba. Bai rarrashe ta ba. Ya dai lalubo hannunta ya riƙe, yana kallon gabansa sak.

Bas ta taho daga gefen da ba ya gani. Malama ta goge ido da bakin mayafi ta miƙe.

"Baba, ga bas nan ta dama, tana rage gudu. Tashi. Akwai kwata a gabanka, taku ɗaya, tsallaka. Ga mai keke zai wuce, dakata. To, taho. Matakala biyu ce, ta farko da tsayi, ɗaga ƙafa."

"Ina ganin matakala, Auta."

"Ga ƙarfe ta hagunka, kama. Akwai buhu a hanya. Kujera ta uku babu kowa."

Mutanen cikin bas suka juyo suna kallon matar da ke ta magana da ƙarfi kamar mai talla. Ba ta sassauta murya ba. Suka zauna, ita a bakin taga, bas ta tashi da fizga har Baba ya yi tsaki ya ce yaron nan da ke tuƙi zai kashe kuloci. Ta ci gaba da faɗa masa abin da ke gefen titi, mai kura da ya tsaya ba daidai ba, mata biyu da ke shirin tsallakawa, wata mota da ta fito ba sigina. Baba ya bar cewa yana gani. Lokaci-lokaci dai yakan ce, "Na ji."